Kiɗan Wasu a Motar Hilarion

Hilarion Tayaban ya soka filashin waƙoƙinsa a rediyon motar, ya gyara zaman hularsa ta kaboyi, sannan ya saki birki. A-kori-kurar ta gangara daga bakin gonarsu da ke Buguias, bayanta danƙare da kabeji, matarsa Dominga na gefensa tana hura kofi a murfin fulas. Shida ta ɗan gota, gajimare bai gama ɗagawa daga kan gonakin da ke jikin tsauni ba.

Ya kasa kunne yana jiran muryar tsohon mawaƙin nan na kantiri, kiɗan kaboyi, da ke buɗe masa hanya duk Talata da Juma'a. Maimakon haka sai wata jita ta ɓarke da ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Ganga ta biyo ta a guje, wata yarinya kuma ta kama rerawa da muryar wanda aka tasa daga barci.

"Wannan kuma mene ne?"

"Ni kake tambaya, Lakay?" in ji Dominga. "Motarka ce, rediyonka ne."

Haka take kiransa, tsoho, tun kafin furfura ta fito masa, shi kuma ya ce mata Baket, tsohuwa.

Ya danna ta gaba. Ita ma haka, har ta fi ta farko hayaniya. Ya tsaya a gefen hanya, ya zare filashin ya jujjuya shi. Ja ne kamar nasa, girmansu ɗaya, amma babu harafin da ya karta da ƙusa a bayansa. Ranar Juma'a ya bar nasa a wani ɗan shagon gyaran waya a La Trinidad don a ƙara masa waƙoƙi biyu, jiya kuma wani maƙwabci ya karɓo masa. An yi musanye ke nan.

"Waƙoƙina," ya ce a hankali, kamar wanda aka yi wa rasuwa.

"Sai ka kashe mu tafi. Rana za ta yi mana."

Sai dai Hilarion ba ya iya tuƙi shiru. Hanyar Halsema lanƙwasa ce bayan lanƙwasa, dutse a dama, rami a hagu, kuma shiru gyangyaɗi yake sa shi. Tashoshin rediyo ba sa kamawa a tsakanin tsaunukan nan. Ya mayar da filashin yana ƙunƙuni, ya rage murya, suka kama hanya.

Sun yi tafiyar kusan rabin awa ya ji wani abu yana buga ƙasan motar, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya ɗauka wani ƙarfe ne ya kwance. Da ya saci kallo sai ya ga takalmin robar matarsa ne.

"Baket, me ƙafarki take yi?"

"Sanyi take ji."

"Sanyin ne yake bin ganga?"

Dominga ta tuntsire da dariya har kofi ya ɗiga mata a siket. "To na ji daɗinsa, laifi ne? Kiɗan yana da rai. Ji yadda yarinyar nan take fizgar waƙar kamar mota za ta tashi ta bar ta."

"Wannan ba kiɗa ba ne. Tukwane ne suke faɗa."

"Ko faɗan tukwane ne, ai ban taɓa jin sa ba. Lakay, shekara ashirin da biyu ina shiga motar nan. Daga kaset muka koma faifai, daga faifai muka koma wannan ɗan abin, waƙoƙin suna nan yadda suke. Na san in mun kai gada, mutumin da matarsa ta gudu zai fara kuka. In mun kai wurin masu sayar da gasasshiyar masara, dokin wancan zai mutu. Duk Talata sai dokin nan ya mutu, Juma'a ya sake mutuwa. Ni dai na gaji da zaman makokinsa."

Da wasa ta faɗa, amma maganar ta soki Hilarion. Da irin waɗannan waƙoƙin ya nemi aurenta, da jitar aro, a bayan cocin ƙauyensu. Duk shekarun nan ya ɗauka shirun da take yi a mota sauraro ne.

"Me ya hana ki faɗa?" ya tambaya, idonsa a kan hanya.

"Kana jin daɗinka. Kuma ba ka taɓa tambaya ba."

Ya mayar da hankali kan tuƙi. Ita ma ta ga ta taɓo inda ba ta nufa ba, ta tsayar da ƙafarta, ta mayar da fuska taga. Suka wuce gadar.

A haka waƙa ta shida ta shigo. Jita ɗaya ce ta fara a hankali, sai ga jitar nan ta kwance da ake goga wa ƙarfe ta biyo baya tana kuka kamar mutum. Wannan kam ya san shi, kantiri ne. Amma ba irin nasa ba ne. Babu sheƙi, babu ado, gangar tana jan ƙafa, can ƙasa kuma wata jitar lantarki tana gurnani kamar injin da ke hawan tudu da lodi. Da yarinyar ta buɗe baki, ba Turanci ta yi ba. Kankanaey ta yi, yarensu na gida. Waƙar wani uba ce mai wanke karas a ruwan sanyi, hannuwansa duk sun tsattsage, ranar da ya je makarantar 'yarsa sai ya ɓoye su a aljihu har aka tashi taro. A tsakiyar waƙar muryarta ta karye. Ta yi shiru, zakara ya yi cara can nesa, sannan ta ci gaba.

Hilarion ya dubi hannuwansa a kan sitiyari. Da waƙar ta ƙare ya miƙa yatsa ya mayar da ita farko.

Dominga ta juyo ta kalle shi.

"Hannuna ne ya zame," ya ce.

Sau uku hannun yana zamewa kafin wayarsa ta yi ƙara. Dominga ta ɗauka ta buɗe murya don ya ji.

"Manong, don Allah kar a goge komai!" Muryar mace ce, numfashinta sama-sama, tana ce masa Manong, wato yaya, don girmamawa. "Sunana Jenalyn Sagayo. Mai shagon waya ne ya ba ni lambarku. Akwai jan filashi a wurinku?"

"Yana nan yana ta ihu," in ji Hilarion.

"Na gode Allah!" Ta yi bayani a gurguje. Ita ce mawaƙiyar wata ƙaramar ƙungiya da suke kira Laimar Aro. Kwamfutarta ce ta mutu, abin da mai gyara ya iya cetowa shi ne ke cikin filashin nan, aikin wata takwas, kuma babu shi a ko'ina. Yau da sha biyun rana ake rufe karɓar waƙoƙi na wani bikin kiɗa a Manila, wanda suka shekara biyu suna burin shiga. "Da safen nan na buɗe wanda aka ba ni, sai na ji wani bawan Allah yana kukan dokinsa."

Dominga ta toshe baki da tafin hannu, kafaɗunta na rawa.

"Doki ne mai daraja," in ji Hilarion a daƙile. "Ki same mu a kasuwar kayan lambu ƙarfe goma. Farar mota, kabeji."

Ba su kai kasuwar ƙarfe goma ba. A Atok, bayan wata kwana, suka tarar da motoci jere sun kashe inji. Ruwan da aka yi kwana biyu ya zaftaro gefen tsauni ya rufe hanya, taɓo da duwatsu har da itace guda. Katafila ɗaya ce take ta fama, direbanta ya ce in an yi sa'a ƙarfe ɗaya. Masu ƙafa kawai ake bari su tsallaka ta gefe, ɗaya bayan ɗaya.

Dominga ta sauka, ta hau bayan motar ta gyara tamfol a kan kabejin. Ta san manyan masu saye na Manila kafin tsakar rana suke gama lodi, wanda ya zo bayan nan sai abin da aka taya masa. Hilarion ya kira Jenalyn ya gaya mata halin da ake ciki.

"Ina da babur," ta ce. "Ku jira ni."

"Ina za mu je?" ya ce, amma ta riga ta kashe.

Ya koma mota ya kunna kiɗan, don babu abin yi. Waƙa ta uku ce ke tashi, wadda ta fi kowacce hayaniya, lokacin da wani ya leƙo ta taga. Crispin ne, mai jigilar dankali, abokinsa tun suna samari, bakinsa jawur da momma, goron ƙasarsu, da yake taunawa.

"Manong Hilarion! Jikokinka ne suka ƙwace motar, ko tsufan ne ya zo maka ta baya?" Ya waiga ya kira sauran direbobi. "Ku zo ku ga abin mamaki! Kaboyinmu ya tuba. Cire hular nan, Manong, mu saya maka ɗan kunne."

Aka yi dariya. Awa biyu da suka wuce da shi za a yi dariyar, amma yanzu sai ya ji ransa ya ɓaci, kamar an zagi wani nasa.

"Rufe jan bakin nan ka saurara," ya ce. Ya danna har zuwa ta shida, ya ƙure murya, ya buɗe ƙofofin biyu.

Da farko surutu bai tsaya ba. Amma da aka ji yaren gida yana fitowa daga cikin kukan jitar, sai baki ya fara mutuwa. Wata mata mai sayar da dafaffen ƙwai ta ajiye kwandonta. Wani direba da ke kwance a ƙarƙashin motarsa ya fito da kai. Lokacin da muryar yarinyar ta karye, har ƙarar katafilar kamar ta yi nisa.

"Wannan ai babana ne," in ji mai ƙwan, tana goge ido da gefen mayafinta. "Haka ya yi ranar da na gama firamare."

Crispin ya tofar da jan yawu gefe. "Ta yi kuskure a tsakiya."

"Ba kuskure ba ne."

"Kuskure ne mana. Sake sa ta in tabbatar."

Aka sake sa ta. Daga nan Dominga ta ce ita ma a sa mata tata, ta uku, kuma a wannan karon ba ta ɓoye ƙafarta ba. Hilarion ya jingina da ƙofa yana saurare da niyyar kushewa. Sai ya lura cewa a ƙarƙashin hayaniyar akwai wani ɗan zaren kiɗa mai daɗi da jita ta biyu take ja, yana ɓacewa yana dawowa, kuma mai gangar yana yin wani jinkiri kafin amshi da ke sa mutum ya riƙe numfashi. Ya ji haushin yadda abin ya shige shi. Ya ce wa Crispin mai gangar ba laifi, da dai zai rage gaggawa.

Sha ɗaya saura kwata suka hango wata 'yar siririya da hular kwano a hannu tana tsallako taɓon, jaka a bayanta, laka har gwiwa. Ta iso wannan gefen tana dube-duben farar mota, sai ta tsaya cak. Muryarta ce take tashi a tsakiyar tsauni, mutum kusan ashirin sun kewaye wata motar kabeji suna saurare, kuma ta shida ce aka sake sawa.

"Wayyo!" ta ce, ta rufe fuska da hular. "Manong, wannan ba ta fita ba ce!"

"Ta riga ta fita," in ji Crispin. "Ke ce mai kuskuren?"

Dominga ta ture shi, ta kamo hannun yarinyar, ta zuba mata sauran kofin. Jenalyn ta sha a tsaye. Ta ciro kwamfutar da ta aro daga mai gangarsu, naɗe cikin leda, ta ɗora a kan kujerar direba, ta haɗa ta da wayarta. Layin yana da rauni, sai da Hilarion ya ɗaga wayar sama da hannu ɗaya kamar mai riƙe fitila sannan abin ya fara tafiya.

"Wannan kiɗan naku, me ake ce masa?" ya tambaya, hannunsa a sama.

"Indi, Manong. Wato ba mu da kamfani, mu ne kamfanin kanmu. Ni a kantin magani nake aiki, mai jitar malamin lissafi ne. A ɗakin girkin mai gangarmu muke ɗauka, mu rataya barguna a bango."

"Masu sanyin fa? Ai kantiri na ji."

"Kantiri ne, amma wanda ya ƙi sa takalmin fita. A kansa muka tashi mu ma. Babana ba ya jin komai sai shi."

Waƙa uku kawai ake karɓa. Ta zaɓi ta ɗaya, ta uku, da ta takwas. Dominga ta tafa da jin tata ta shiga. Hilarion ya sauke hannu har wayar ta kusa rasa layi.

"Ta shida fa?"

"Ɗaga, Manong, ɗaga!" Ya mayar da hannun sama. "Wannan na ɓata ta. Kuka ya zo mini, ga zakaran maƙwabta ya shiga. Mun yanke shawarar cire ta."

"Ku cire ta? 'Yar nan, ita kaɗai ce waƙa a ciki!"

"Lakay!" in ji Dominga.

"To, ita ce babba a ciki."

Jenalyn ta yi murmushi, amma idonta na kan kwamfutar. "Ba don zakaran kaɗai ba ne. Babana bai ji ta ba. Yana Kibungan, yanzu haka ina jin yana bakin rafi da karas ɗinsa. Ba na so wasu alƙalai a Manila su riga shi ji."

"To mu fa da muka ji?" in ji Crispin.

"Ku ai sata kuka yi."

Aka kwashe da dariya. Hilarion bai yi ba. Ya tambaye ta me ya hana ta kai wa baban nata waƙar.

"Zai ce ɓata lokaci ne."

"Haka zai ce," in ji Hilarion. "Sannan ya ce a sake sa masa."

Ta ɗago ta dube shi, ta dubi hannun da ke riƙe da wayarta a sama.

Waƙa ta ƙarshe ta gama tafiya sha biyu saura minti goma sha takwas. Jenalyn ta yi wani ihu da ya sa direban katafilar ya waiwayo. Ta rungume Dominga, laka da komai, ta ciro filashin Hilarion daga aljihu ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya duba harafinsa, sannan ya mayar mata.

"Akwai sauran wuri a ciki?"

"Akwai."

"Zuba mini naku. Duka. Har da faɗan tukwanen, saboda ita."

Ta zuba. Da ta zo kan ta shida ta ɗan dakata, sannan ta saka ta, bisa sharaɗin kada ya bai wa kowa sai ta je Kibungan ta dawo. Crispin ya ce wannan zalunci ne, ya koma motarsa yana mita. Kafin ta tafi ta gaya musu ranar Lahadi da ƙarfe uku na yamma za su yi wasa a wani ɗan gidan kofi a Baguio, bayan tashar motoci, wurin bai fi cin mutum talatin ba.

"Amma fa ku ne za ku fi kowa tsufa a wurin," ta ce.

"Mun saba," in ji Dominga. Ta ciro kabeji biyu manya ta cusa mata a jaka a kan kwamfutar aro, duk da rantsuwar da yarinyar take yi cewa ba wuri.

Sai ɗaya da rabi aka buɗe hanya. Kabejin saman ya fara laushi, kasuwar kuma sun san sai dai su tarar da ragowarta. Motoci suka fara tayar da inji ɗaya bayan ɗaya. Hilarion ya soka filashinsa, ya tsaya da yatsa a kan maɓalli.

"Wacce za a sa?" ya ce.

Dominga ta dube shi da mamaki. "Ni kake tambaya?"

"Ke nake tambaya."

Ta ɗan yi tunani. "Ban ce a zubar da naka ba, Lakay. Ina son su. Sa mini ta takwas tukuna, ban gama gane ta ba."

Ya sa. Suka bi layi a hankali ta cikin taɓon, tayoyi na santsi, ma'aikatan hanya na ɗaga musu hannu. Da suka fita kan kwalta ya yi gyaran murya.

"Ranar Lahadi motar ba ta da aiki."

"Na sani."

"Bayan coci, in mun tashi da wuri, za mu kai kafin uku."

Dominga ta juyo gaba ɗaya. Tun da suka sayi motar nan ba su taɓa gangarawa birni ba tare da kaya a baya ba. "Mu ƙona mai har Baguio ba lodi? To me za ka ɗauko?"

"Ke zan ɗauko."

Ta mayar da fuska taga don kar ya ga bakinta. Sun wuce lanƙwasa biyu ko uku a kan hanyar kafin ta amsa.

"To ka wanke ta ranar Asabar. Ba zan shiga cikin yaran nan ina warin kabeji ba."